Mai Wana Agogo

Ran Litinin, kafin Landan ta wanke ido,
nake fita da jakar fata da makullai bakwai.
Ubana ya bar mini su, shi ma gado ya ci,
ya haɗa mini da tari da ciwon gwiwa.
Ni ba mashayi ba ne, likita ya hana tun tuni,
amma tsofaffin mashayun birnin nan na san su ciki da bai.

Ta farko tana bakin kogi, ta karkata wajen ruwa
kamar tsohuwa mai sauraron gulma.
Daɓenta ya lotsa daidai inda 'yan dako suka tsaya
shekara ɗari biyu suna jiran a zuba.
In kogi ya cika yana lasar matakala,
sai ka ji gangunan ƙasa suna gaisawa da juna.
Maureen Tapsell ke buɗe mini, da tsumma a kafaɗa.
"Cyril, ka makara." Kullum haka take cewa.
In ɗaga kai in dubi bango: gaskiyarta.
Ai agogon mashaya minti goma yake gaban gari,
don a kora mutane gida kafin doka ta yi magana.
Ni ke kiwon wannan ƙarya, kuma a biya ni.

Ta biyu sai wanda ya san lungu.
Ka bi bayan kotu, ka matse tsakanin bango biyu,
ka sunkuya, don mutanen da gajeru ne,
ko kuwa masu tawali'u.
Babu taga. Hayaƙin tabar da aka hana tun da daɗewa
har yau yana manne a azara, ruwan zuma.
Nan lauyoyi ke cire hular gashi su koma mutane.
Wani ya sassaƙa sunan mace a tebur da wuƙa,
wani ya zo kankarewa, bai gama ba.
Saura harafi uku. Na sha shafa su da yatsa.

Ta kusa da kasuwar nama da asuba take buɗewa:
mahauta da jini a riga, ma'aikatan asibiti da suka kwana tsaye,
kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar wani.
Agogonta na da tari irin nawa.
Akwai kuma mai madubai, wadda in ka shiga kai kaɗai
sai ka tarar da kanka goma sha biyu suna jiranka.
Ba na son ta. In wana, in fice.

Baƙi kan zo da taswira a waya,
su ɗauki hoton murhu, su ce ina fatalwar gidan?
Fatalwa? Ga Wilf Garrod can a kusurwa,
shekara arba'in kujera ɗaya, kofi ɗaya,
tun ranar da aka rufe tashar jiragen ruwa.
Shi ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa.

Ta bakwai an sayar.
Gidajen haya masu tsada za a yi, in ji takardar ƙofa.
Na je Litinin ɗin ƙarshe, kujeru sun hau tebur,
kyanwa na zagaya inda kanta take a da.
Desmond ya ce, "Ɗauki agogon, naka ne."
Na ce a bar shi da bangonsa.
Na hau tsani, na buɗe gilashi,
na sa yatsa na mayar da dogon hannu baya,
minti goma cif.
Tun zamanin kakana bai taɓa faɗin gaskiya ba.
Muka zauna, ni da Desmond, ba mai cewa uffan,
muka cinye mintocin nan da aka ci bashin mutane.
Ya zuba mini shayi a kofin giya.

Yanzu makullai shida ke aiki.
Na bakwai yana jaka, yana ƙara cikin 'yan'uwansa
duk sa'ad da na tsallaka gada da safe.